Ranar da Na Ƙaurar da Kwanon Wa

"Gyara na ɗari da sha huɗu," Yaya ta karanta da ƙarfi daga bakin ƙofar ɗakina, waya a hannu, kumfar sabulu har gwiwar hannunta. "'An cire sunan Auta daga wanke tukwane ranar Talata da Lahadi. An mayar wa Yaya. Ba za ta taɓa ganewa ba.'"

Ta ɗago ta zuba min ido.

"Auta. Wace ce ba za ta taɓa ganewa ba?"

Jama'a, robar man shafawa ce a hannuna a lokacin. Ban san sanda ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin gado ba.

"A ina kika ga wannan?"

"A intanet! Inda duk duniya ke gani! Saƙo ne ya shigo min wai Kwanon Wa ya koma sabon gida, danna nan. Na danna. Shekara ɗaya da rabi ina kankare gindin tukunya, ina cewa na'ura ba ta son kai, ashe na'urar ce ke kwana a ɗakin nan tana cin biskit a kan gado!"

Bari in yi wa sababbin masu bibiyata bayani kafin Yaya ta shaƙe ni. Ni ce auta a gidanmu, sana'ata rubuta manhaja. Shekara biyu da suka wuce na gaji da rigimar wanke-wanke, sai na zauna na rubuta wata 'yar manhaja da ke raba aikin kicin tsakanin mutanen gida, kowa ya ga ranarsa a wayarsa. Na sa mata suna Kwanon Wa. Kyauta nake bayarwa, kuma yanzu gida arba'in da uku ne ke amfani da ita. Kada ku raina, na san kamfanonin da ba su kai haka ba.

To, a aikinmu, duk sanda ka taɓa wani abu a manhaja sai ka adana shi da ɗan bayani a layi ɗaya, kamar "an gyara maɓallin fita". Waɗannan bayanan su ake kira tarihi. Ni kuma tarihina a kulle yake a babban dandalin da kowa ke ajiye aikinsa, ni kaɗai ke da makulli. Sai na fara ƙara 'yan maganganu. Yau kaɗan, gobe kaɗan. Kafin in farga, wurin ya zama littafin sirrina. Gyara ɗari shida da sha biyu, kowanne da abin da ya ci min rai a ranar.

Sannan Mai Gilashi ya shigo rayuwata da jakarsa ta goyo da ra'ayoyinsa.

Shi ma ɗan manhaja ne, kuma mutum ne da bai yarda da ƙofa a rufe ba. Wata shida yana min wa'azi. "Mai Kwano," haka yake kirana, "kina cewa manhajarki buɗaɗɗiya ce, alhali abin da kika gama kawai kike miƙo wa mutane ta taga. Ki buɗe ɗakin girkin su shigo su taya ki."

Na zauna na auna wurare uku. Na farko, in ci gaba da zama a babban dandali, inda jama'a suke, inda ake ba ka tauraro in aikinka ya burge, amma mai shi babban kamfani ne da kan canza dokoki ba tare da ya tambayi kowa ba. Na biyu, in ɗora komai a tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin Baba, in zama mai gidan kaina. Na gwada kwana uku. Sau huɗu Mama na zare wayar kwamfutar daga bango don ta jona dutsen guga, gidaje arba'in da uku suka rasa wanda zai wanke cokali. Na uku shi ne Inuwa, ɗan ƙaramin dandali da 'yan sa-kai ke riƙe da shi, ba talla, ba bin diddigi, kuma ba ɗakin kullewa ko ɗaya. Abin da ka kai can na kowa ne. Mai Gilashi in yana maganar Inuwa har muryarsa rawa take.

Ku faɗa min gaskiya, ku da wanne za ku zaɓa ana gobe saurayi zai zo gaida mahaifinku karo na farko?

Jiya da la'asar na danna maɓallin ƙaura. Ina waya da shi a lokacin, yana ba ni labarin rigar da zai sa. Akwai wani ɗan akwati a ƙasan shafin da aka riga aka yi wa alama: "A kwaso har da tarihi." Na gan shi. Wallahi na gan shi. Kawai dai a daidai nan ne ya ce, "Kin san dariyarki na da daɗi?" sai yatsana ya yi gaba abinsa.

"Gyara na ɗari biyu da uku," Yaya ta ci gaba, yanzu ta zauna a bakin gadona tana goge kumfar a zanin gadon da na wanke jiya. "'An gyara kalanda. Na haɗu da wani a taron masu manhaja. Kunnuwansa sun riga shi shigowa ɗakin da minti biyu.'"

"Yaya, don Allah."

"'Na ɗari biyu da arba'in. An rage nauyin hotuna. Kunne ya sake zuwa da turaren nan nasa. Sauro uku sun faɗi a gabana, ɗaya bai tashi ba.'" Ta kwanta da baya tana shure-shure. "'Na ɗari biyu da saba'in da ɗaya. Takalmin Kunne na kuka ƙii, ƙii, kamar an taka ɓera.' Auta, ke ba mutum ba ce!"

Na kalli agogon bango. Sha ɗaya saura kwata. Ƙarfe biyu zai iso.

Ku fahimce ni da kyau. Ba kunyar gida arba'in da uku nake ji ba. Shi nake ji. Mutumin da ya kwashe wata shida yana turo min "kin ci abinci?" kullum ƙarfe ɗaya daidai, wanda ya taɓa tsallake gari cikin ruwan sama don ya kawo min cajar da na manta. In ya karanta yadda na mayar da shi abin dariya, ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Zai gyara gilashinsa ya ce "ba komai", ya tafi, shi ke nan. Ga Gwaggo, yayar Baba, da ta tare a gidanmu tun shekaranjiya don ta ga "yaron nan mai jaka" da idonta. Ta riga ta faɗa a gaban kowa: in yau bai zo da magana mai nauyi ba, sati mai zuwa Mai Kemis za ta gayyato, ɗan ƙawarta, mai shago uku da mota mai sanyi.

Da layi ɗaya zan iya share tarihin gaba ɗaya. Na yi tsalle zuwa teburi. Yaya ta riga ni. Ta sure kwamfutar, ta tura ta ƙarƙashin filo, ta hau ta zauna.

"Yaya, za ki fasa min allo!"

"Tukwane."

"Zan gyara, na rantse."

"Shekara ɗaya da rabi. Talata da Lahadi. Har da tukunyar wake."

"Wata shida."

Ta ɗan motsa a kan filon. Wani abu ya yi ƙas.

"Shekara ɗaya!"

"Da rabi," ta ce, tana duba farcenta. "Kuma kafin in tashi sai na kai ƙarshe. Abin da daɗi. Ga na ɗari uku da biyar: 'Kunne ya yi min bayanin lasisin manhaja na awa biyu. Silin ɗin shagon shayin yana da ramuka ɗari huɗu da tara.'"

Wayata ta yi ƙara. Shi ne.

*Barka da hantsi Mai Kwano. Na ga kin ƙaura. Na ji daɗi sosai.*

Na yi maza na rubuta: *Ka shiga ka duba ne?*

Ɗigo uku suka bayyana. Suka ɓace. Suka dawo. Suka ɓace.

*Sai na zo.*

Sai na zo! Ba hoton dariya, ba fure, ba komai. Mutumin da ko "to" zai rubuta sai ya liƙa mata zuciya biyu.

"Innalillahi," Yaya ta ce a hankali, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. "Auta, na ɗari uku da tamanin da takwas fa?"

Na rufe ido. Na san shi. A satin da na rubuta shi ne muka yi faɗa da Mai Gilashi a kan ko fili biyu ake bari a farkon layin manhaja ko huɗu, muka yi kwana tara ba ma magana. A ciki Gwaggo ta ja ni shagon Mai Kemis wai in raka ta sayen maganin ƙafa. Na dawo gida da haushi na rubuta.

Yaya ta karanta a ƙasa-ƙasa. "'An gyara launin maɓalli. Mai Kemis ɗin nan fa ba laifi. In ya tambaya ba zan ce a'a ba.'"

"Haushi ne! Washegari na manta da shi!"

"Intanet bai manta ba."

Kafin in ba ta amsa ƙofa ta buɗe, ƙamshin man zafi ya shigo, Gwaggo na biye da shi.

"Au! Har yanzu kina cikin rigar barci? Baƙo na hanya kina nan kina kokawa da filo? Tashi! Ke kuma babba, sauka daga gadon mutane, shinkafa na kamawa."

"Gwaggo, minti biyu kawai, akwai abin da zan share a kwamfuta."

"Share fuskarki tukuna. Kwamfutar ce za ta aure ki?"

Ta tasa ni gaba zuwa banɗaki, ta tsaya a bakin ƙofa kamar mai gadi. Daga nan aka shiga gwajin kaya. Shuɗiyar doguwar riga, ta ce na yi kama da labule. Mai ruwan zuma, ta ce ta yi min yawa a kafaɗa, sai ka ce an rataye ta a ƙusa. Muka tsaya a kan koriya mai ɗinki a wuya, da mayafi fari wanda ta sa Mama ta sake gogewa sau biyu. Ta ɗaure min gashi da ƙarfin da har girata ta koma sama. Duk wannan lokacin ina hango kwamfutata a kan gado, Yaya ta ɗora mata kofin shayi don kada in manta da yarjejeniya.

Biyu saura ashirin na samu na kuɓuce. Na rubuta layin, na danna. Tarihi ya tafi, fes, kamar ba a taɓa yi ba.

Sai idona ya sauka a kusurwar shafin.

*Kwafi: 1.*

Ga abin da ban gaya muku ba game da buɗaɗɗiyar manhaja. Kowa na da damar ya kwafe ta dungurungum zuwa wurinsa, da tarihinta da komai, kuma ba ka da ikon taɓa nasa. Wannan shi ne abin da Mai Gilashi ke kira 'yanci. Wani mai suna Mai_Lura ya ɗauki 'yancinsa tun jiya, minti tara bayan na ƙaura.

Shi ne. Wa zai zama in ba shi ba?

Aka buga ƙararrawar ƙofa.

Na leƙa ta bayan labulen falo. Abu na farko da na lura da shi, shiru. Yana tafiya a kan tayil ba ƙii, ba ƙii. Sababbin takalma ne baƙaƙe, har da takardar kuɗin a manne a dunduniyar ɗaya. Na biyu, ya wuce ta gabana ban ji ƙamshin komai ba sai sabulu. Na uku, jama'a, na uku: hular sanyi ce a kansa, ta ulu, ya ja ta har ta rufe kunnuwansa ruf. Ana zafin da fanka ke hura wuta.

Ya karanta.

Yaya ta tura ni daga baya na faɗa falon da tiren lemo a hannu.

Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Mama, ya juya ga Gwaggo. Ta kalle shi daga sabon takalmi zuwa hula.

"Yaro, ba ka da lafiya ne?"

"Lafiya lau, Gwaggo."

"To hular fa? Ko aski aka ɓata maka?"

"A'a, Gwaggo. An ba ni shawara ne."

Bai kalle ni ba. Ko sau ɗaya. Muka zauna a teburi, ni a gefen Yaya, shi a gabana, gumi na gangarowa daga ƙarƙashin ulu yana bin sandar gilashinsa. Baba, wanda ba ya son dogon zance in abinci na gabansa, ya tambaye shi aikinsa.

"Manhaja nake rubutawa, Baba. Akwai batun lasisi da nake..." Ya tsaya. Ya ɗaga kai ya kalli silin ɗinmu. "Amma doguwar magana ce. Kada a fara ƙirga ramuka."

Yaya ta shaƙe da lemo. Ni kuwa na so ƙasa ta buɗe.

Gwaggo ta ajiye cokali. "Ni ba na son kewaye-kewaye. Wata shida kana kiran yarinyar nan a waya har kunnenta ya yi zafi. Me ke tafe da kai? Don akwai masu jira, masu shago, ba masu jaka ba."

"Yaya, ki bar yaro ya ci abinci," Baba ya ce wa Gwaggo.

"Zai ci bayan ya amsa."

Mai Gilashi ya sunkuyar da kai. Hannunsa ɗaya na ƙarƙashin teburi. Na ce a raina, shi ke nan, yanzu zai gyara gilashi ya ce ba komai. Idona ya cika. Na fara shirya yadda zan rayu da warin maganin tari har ƙarshen rayuwata.

Wayata ta yi rawa a cinyata.

Saƙo ne daga Inuwa. *Wani ya turo buƙatar gyara a Kwanon Wa.* Haka ake yi a aikinmu: in wani yana son ƙara abu a manhajarka sai ya turo, kai kuma ka amince ko ka ƙi. Na buɗe a ɓoye ƙarƙashin mayafi.

A sama ya liƙo wani tsohon layi nawa, na ɗari biyar da casa'in da bakwai, wanda na rubuta sati uku da suka wuce na kuma manta: *Babu abin da na gyara yau. Kawai dai in Kunne bai tambaya ba, ni zan tambaye shi. Ina sonsa, har kunnuwan.*

A ƙasa, nasa: *Gyara na ɗari shida da sha uku. Kunne ya tambaya.*

Sai maɓalli biyu. Kore, Amince. Ja, Ƙi.

"Kun gani ko?" Gwaggo ta nuna ni da cokali. "Ana maganar rayuwarta tana latsa waya! Ajiye abin nan!"

"Yanzu, Gwaggo. Aiki ne na gaggawa."

Na danna kore da ƙarfin da har farcena ya lanƙwashe.

Wayarsa ta yi ƙara a ƙarƙashin teburi. Ya duba. Ya ɗago a hankali, ya kama hular da hannu biyu ya cire ta. Kunnuwan suka buɗe, ɗaya bayan ɗaya, jajaye, suna tururi. Ban taɓa ganin abin da ya fi su kyau ba.

"Baba," ya ce, muryarsa na rawa irin ta maganar Inuwa, "in kun yarda, ina son manyana su zo su same ku. Auta nake so in aura."

Mama ta rufe baki da mayafi. Baba ya kalle ni, na gyaɗa kai har ɗaurin Gwaggo ya kwance. Ya ce, "To, madalla. Miƙo min miya." Gwaggo ta yi ƙwafa, ta ce aƙalla yaron zai riƙa jin kira daga nesa.

Bayan an tashi na raka shi baranda, Yaya na leƙen mu ta tagar kicin da soso a hannu, tana nuna min tukwanen da ke jirana.

"Ka yi haƙuri," na ce. "Turaren bai kai yadda na faɗa ba."

"Ya kai. Ƙanwata ta daɗe tana faɗa min."

"Ka karanta duka ɗari shidan?"

"Ina! Ban samu lokaci ba, na tafi neman takalmi. Sawa na yi a nemo min duk inda kika rubuta Kunne. Sau casa'in da ɗaya."

"Ya aka yi ka san kai ne?"

"Mai Kwano, akwai madubi a gidanmu."

Na yi dariya har da hawaye. A ƙasan dariyar kuma ina ta godiya ga Allah, don a na ɗari uku da tamanin da takwas babu kalmar Kunne ko ɗaya. Bai gani ba. Ba kuma zai gani ba, in dai na yi sauri.

"To yanzu ka goge kwafinka," na ce, ina wasa da bakin mayafi. "Don Allah. Yau ɗin nan."

"Wane kwafi?"

"Wanda ka ɗauka jiya. Mai_Lura."

Ya gyara gilashi. "Ni a shafinki na karanta. Ban kwafi komai ba."

Ban gama jin maganar ba wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Wata mata ta fito, doguwa, mai jiki, cikin riga ruwan goro da takalmi mai tsini, gilashinta rataye da sarƙa a wuya. Ban taɓa ganinta ba. A hannu ɗaya kwalin lemo ne, a ɗayan kuma takarda guda da aka rufe da leda mai sheƙi, irin yadda ake yi wa takardar shaidar makaranta.

Ta hau barandar tana murmushi kamar ta shekara da sanina.

"Ke ce mai Kwanon Wa? Kai, masha Allah, kin fi yadda aka faɗa min! A gidanmu da manhajarki muke rabon wanke-wanke, ni ba na barin saƙonta ya wuce ni. Ni ce yayar Mai Kemis." Ta ɗaga takardar sama, rana ta haska layi ɗaya da aka ja wa jan biro. "Ƙanena kunya ce ta hana shi tambaya. Jiya na ga an riga an ba shi amsa, a gyara na ɗari uku da tamanin da takwas. Ina Gwaggo take?"

Daga cikin falo na ji kujera ta yi baya da ƙarfi, silifas ɗin Gwaggo na tahowa da gudun da ciwon ƙafa bai taɓa bari ta yi ba.

Mai Gilashi ya juyo ya kalle ni. Kunnuwansa suka miƙe.

"Ɗari uku da nawa?"